Wata uku ina bubbugawa, har yanzu da saura

Toh wata uku kenan ina wannan abu na bubbuga jiki da yatsu da ake ce wa EFT, wanda ake yi don rage damuwa, kuma gaskiya da farko na zata sati ɗaya zan warke. Bidiyoyin YouTube ne suka ruɗe ni, ka ga mutum ya zauna yana kuka, minti biyar ya bubbuga gira da ƙasan ido da haɓa sai ga shi yana dariya wai komai ya wuce.

Wani injiniya ɗan Amurka, Gary Craig, shi ya sauƙaƙa hanyar a shekarun 1990 daga abin da ya koya wurin Roger Callahan, wani masanin halayyar ɗan Adam, kuma tsarinsa shi ne kafin ka fara ka ba damuwar maki daga 0 zuwa 10, ka faɗi abin da ke cin ka kana bubbuga gefen hannu, ka bi sauran wuraren har ƙasan hammata da tsakiyar kai, sannan ka sake aunawa.

A ƙananan abubuwa makin na sauka da wuri. Faɗuwar gaban da nake yi kafin in yi magana cikin taro, zama ɗaya ta dawo 3 daga 7. Amma da na taɓo tsohon ciwo, wata magana da aka yaɓa min tun ina ƙarama, ai sai abu ya ƙi. Yau in sauke shi zuwa 4, jibi in tashi ya koma 8, har na fara cewa ko ni ce ban iya ba. Ashe abin ba guda ɗaya ba ne. Muryar daban, kallon da aka yi min daban, kunyar daban, ga haushin kaina da na tsaya ban ce uffan ba, kowanne sai an bi shi shi kaɗai. Haushin nan kawai ya ci min sati biyu.

Batun wai akwai wasu hanyoyin kuzari a jiki da bubbugawar ke buɗewa, kimiyya ba ta tabbatar ba, ni dai na san yana sa ni in nutsu in kalli abin da nake gudu. Wanda kuma abin nasa ya kai ga hana barci ko firgita, don Allah ya ga likitan ƙwaƙwalwa, kada ya zauna shi kaɗai yana tono.

Abu 23 da ke damuna na rubuta a littafina. Na soke 6. Waccan maganar tana 5 tun ranar Talata, bata motsa ba.