Fara'ar Faransawa da fushin Alceste

Mu 'yan Nijar tun a lakkwal muka san Molière, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa. A Damagaram malamin Faransanci ya sa mu haddace baitocinsa, muna ta rerawa ba mu san abin dariyar da ke ciki ba. Sai da na zo Faransa na sauka a Saint-Denis kusa da Paris, na samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, sannan maganarsa ta shige ni.

Kafin in taso, a zatona Bature ba shi da kara, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa. Ashe su ma da irin tasu. Abokin aiki zai dafa kafaɗarka ya ce lallai wata rana sai ka zo gida an ci abinci. Ni kuwa har na tanadi tsarabar da zan kai wa matarsa. Shiru. Wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a nan ya yi dariya ya ce: "Ɗana, in ba a faɗa maka rana da ƙarfe nawa ba, sallama ce aka yi maka." Wasiƙar hana ka aiki ma da girmamawa take farawa, da girmamawa take ƙarewa.

Cikin wannan haushi na sayi tikiti mai araha a Comédie-Française, gidan wasan da Sarki Louis XIV ya kafa a 1680, shekara bakwai bayan mutuwar Molière. Le Misanthrope ake yi, wasan Molière da aka fara nunawa a 1666. Alceste, jarumin wasan, mutum ne da ya rantse ba zai ƙara yi wa kowa daɗin baki ba. Da buɗe labule yana zazzaga wa amininsa Philinte faɗa don ya rungumi mutumin da ko sunansa bai riƙe ba. Na ce a raina, ga ɗan'uwana! Sai Oronte, wani mai faɗa a ji a fada, ya kawo 'yar waƙar da ya rubuta yana neman ra'ayinsa. Alceste ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce waƙar ba ta da kyau. Jama'a na ta dariya, ni ina mamakin me ya sa ake dariyar mai gaskiya.

Soyayya ce ta tona shi. Wannan mai ƙyamar munafunci, wa yake so? Célimène, bazawara 'yar shekara 20, mai tara samari a falonta tana ba kowa fuska, in ya juya ta yi da shi. Ga Éliante mai hankali a gefe, bai kula ta ba. Da aka karanta wasiƙun Célimène a gaban kowa, samari suka watse, Alceste ya ce ya yafe mata in za ta bi shi can nesa da mutane. Ta ce aure ta yarda, amma barin gari a'a. Sai ya fasa. Nan na daina binsa. So yake a bar duniya saboda shi, kuma wannan ma son kai ne, ko da an yi masa rawanin gaskiya. Masanin falsafa Rousseau ya zargi Molière a 1758 da mayar da mutumin kirki abin dariya. Da Rousseau ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da irin Alceste, ina jin da ya sassauta.

Yanzu na fi zama ɗan gidan Philinte. In maƙwabciyata ta kawo min kek ɗinta mai ɗan karen zaƙi, ina yabawa. In aka ce sai wata rana, ni ma in ce sai wata rana.

Kuma wa zan ɗora wa laifi? Duk Juma'a Inna tana kira ta tambayi gida da aiki, in ce lafiya lau, alhali sanyi ya hana ni barci, takardun zamana kuma suna jiran sabuntawa. Ita ma ta ce kowa lafiya, hatsi ya wadata. Daga bakin ƙanwata nake jin kuɗin buhun gero a kasuwa, da kuma cewa ƙafar Inna ta sake kumbura.