Zance tsakanin ma'aikaciyar jinya da mai taɓin hankali a Legas

An buɗe asibitin ƙwaƙwalwa da ke Yaba a shekarar 1907, a zamanin da killace mai taɓin hankali shi ne kusan iyakar abin da ake yi masa. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma fito fili da haƙƙoƙin majinyaci. To amma a ganina, inda ake gane ko an mutunta majinyaci shi ne yadda ma'aikaciyar jinya take yi masa magana, domin likita yakan duba shi na ɗan lokaci ya wuce, ita kuwa da ita yake wuni, da ita yake kwana.

Hildegard Peplau, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, ta bayyana tun 1952 cewa alaƙar da ke tsakanin mai jinya da majinyaci ita kanta magani ce, kuma sai an fara sabawa kafin aiki ya yiwu. Wannan sabon ne yake yi wa Bahaushen Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 wuya, saboda yawancin ma'aikatan da zai tarar Yarbanci da Turanci suke ji. Sai a jawo ɗan'uwan da ya rako shi ya zama tafinta, alhali akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa a gaban mijinta ba, akwai kuma wanda ɗa ba zai furta a gaban mahaifinsa ba. Tafintan gida kuma yakan taƙaice zance don rufin asiri, har maganar da ta fi kowacce muhimmanci, kamar tunanin kashe kai, ta salwanta a hanya.

Ko da harshe ya zo ɗaya, sai an san ɗabi'ar mutanen. Dattijon da aka tambaya yaya jiki zai ce da sauƙi ko da bai runtsa ba, budurwar da ta sunkuyar da kai kuma wataƙila kunya ce, ba alamar ciwo ba. Ma'aikaciyar da ta ƙware takan fara da gaisuwa, ta zauna maimakon ta tsaya a kansa, ta yi tambayar da ba a amsawa da e ko a'a, sannan ta jure wa shirun da zai biyo baya.

Wuri mafi santsi shi ne idan majinyaci ya ce aljanu ne suke yi masa magana. Idan ta ƙaryata shi, ya daina gaya mata komai. Idan ta gaskata shi, ta ƙarfafa ciwon. Abin da ya dace ta ce shi ne: “Baba, ni ban ji muryar ba, amma na ga tana tayar maka da hankali. Me take ce maka?” Daga amsarsa za ta gane ko muryar tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani. Haka nan bai kamata ta raina ruƙiyya ko rubutun da aka yi masa a gida ba, domin likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ma, a tsarin da ya kafa a Aro ta Abeokuta a 1954, ya yi aiki tare da dangi da masu maganin gargajiya.

Mu 'yan rakiya kuwa, ya kamata mu faɗi duk jiƙon da aka ba majinyaci ba tare da ɓoyewa ba, mu nemi tafintan da ba na gida ba idan akwai, mu kuma fita waje idan ma'aikaciya ta nemi ganawa da shi shi kaɗai.