Aikin tace bayanai a ofisoshin kago na Jidda

Kamfaninmu ƙarami ne, yana kusa da kasuwar Bab Sharif a Jidda. Muna tsara wa ofisoshin kago da shagunan sari ma'ajiyar bayanai, mu kuma fitar musu da rahoto daga ciki. Yawancin masu ba mu aiki 'yan uwa ne Hausawa da ke aika kayan alhazai da na 'yan kasuwa zuwa Kano da Yamai: dabino, jallabiya, darduma, turare. Duk katan ɗin da ya shigo sito sai an rubuta mai shi, nauyinsa, inda za shi, da ko an biya.

Rubutawar ba ta da wuya. Wahalar tana wajen fitar wa kowa abin da ya shafe shi kaɗai. Nan ne muke gina taga da umarnin CREATE VIEW na SQL, harshen da ake yi wa ma'ajiyar bayanai tambaya da shi. Taga ba ta ajiye komai a cikinta, tambaya ce da aka yi wa suna aka adana, duk sanda aka buɗe ta sai ta koma jadawalin asali ta ɗebo abin da ke ciki a wannan lokacin. Yaron sito yana da tasa, lambar katan da nauyi da gari kawai yake gani, ba ya ganin kuɗi ko lambar wayar Hajiyar da ta aiko kayan. Akanta yana da tasa. Mai ofis kuwa tasa ta bashi ce, ita yake fara dubawa da safe.

Kafin in rubuta layi ɗaya, sai na zauna da mai ofis. Nakan ce, "Alhaji, idan ka ce bashi, me kake nufi? Wanda bai biya ko riyal ɗaya ba, ko har da wanda ya ba da rabi ya ce ɗansa zai cika a Kano?" Sau da yawa amsarsa daban, ta akantansa daban, kuma shekara da shekaru kowa na lissafi da tasa. Abin da suka tsaya a kai shi muke sawa a sharaɗin tacewa na WHERE, sau ɗaya, duk rahoton bashi ya riƙa bi ta nan. A ganina wannan zaman ya fi rubutun kansa daraja.

Abu biyu ke cinye kuɗin mutane a wajen tacewa. Na farko gurbin da aka bari babu komai. Idan an yi gaggawa ba a cike gurbin biya ba, SQL ba ya ɗaukarsa a matsayin "bai biya ba", yana ɗaukarsa abin da ba a sani ba. Sai ka nemi duk wanda matsayinsa ba "an biya" ba ne, wannan layin ya ƙi fitowa, bashin ya ɓace daga idon Alhaji alhali yana nan. Dole sai an ƙara IS NULL, wato a haɗa da gurbin da babu komai, a sharaɗin.

Na biyu kwanan wata. Wanda ya tace daga 1 zuwa 31 da BETWEEN, idan gurbin na ɗauke da awa da minti, cinikin ranar 31 kusan duka zai zube, don tacewar ta tsaya a sha biyun daren da ranar ta fara. Mu mukan rubuta: daga 1 ga wata, ƙasa da 1 ga wata mai bi masa. Ga kuma bambancin agogo. Jidda na gaban Kano da awa biyu, saboda haka kuɗin da wakili ya karɓa a Kano ƙarfe sha ɗayan dare ranar ƙarshen Maris, a nan ya riga ya faɗa Afrilu. Sai an zaɓi agogo ɗaya an tsaya a kai.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda harajin VAT ya shigo a Janairun 2018 da kashi 5, ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Ƙananan kamfanoni suna miƙa wa ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, lissafi duk wata uku, bisa kalandar Miladiyya. Amma mai kago da Hijiriyya yake tunani: Umarar Ramadan, sai bayan Arfa. Don haka muke ajiye ƙaramin jadawali mai haɗa kowace rana da takwararta a kalandar Ummul Ƙura, wato Hijiriyyar da Saudiyya ke bi, mu fitar da taga biyu daga ciniki ɗaya, ɗaya ta haraji, ɗaya ta kwatanta Ramadan na bana da na bara.

Bayan Hajji kaya kan yi yawa har tagar taƙaitawa ta riƙa jan ƙafa. A PostgreSQL, manhajar ma'ajiyar bayanai, sai mu mayar da ita MATERIALIZED VIEW, wadda ke ajiye sakamakon, mu sa ta sabunta kanta da dare. Lokacin sabuntawar muna buga shi a saman rahoton, don kada Alhaji ya kira wanda ya biya da hantsi yana tambayarsa kuɗi da la'asar.