Wace irin lili ce ta tsiro a tsakar gidanka?

Yawancin furannin da masu sayar da fulawa a bakin titin Kano ke kira "lili" ba lilin asali ba ne. Ta asali, wadda masana ke kira Lilium, galibin ire-irenta sai albasarsu ta sha sanyi na makonni kafin su yi fure, zafin bazararmu kuwa dafa su yake yi a tukunya. Launin fure ba ya raba gardama, don haka daga ƙasa ake fara bincike.

Ka tone gefen shukar da hannu har ka ga gindinta. In ka tarar da albasa mai busasshen ɓawo kamar ta miya, dangin Crinum ce ko Hippeastrum ko 'yan uwansu. Albasar Lilium ba ta da ɓawo, sala-sala take, kana taɓawa tana ɓarewa. In kuwa saiwa ce mai kama da ɗanyar citta, ga ganye mai faɗi kamar na ayaba da baƙaƙen 'ya'ya masu tauri, Canna ce, ba ruwanta da lili sai suna.

Daga nan sai kara. Lilium tana jera ganye a jikin karan tun daga ƙasa har sama. Masu albasa mai ɓawo kuwa ganyensu daga gindi yake fitowa, karan furen tsirara yake. Ka leƙa bayan furen: in akwai ɗan kumburi kore a ƙarƙashinsa, ba Lilium ba ce.

Inda ake yawan rikicewa shi ne tsakanin Crinum da Hippeastrum, alhali yanka ɗaya ya isa. Idan fure ya bushe, ka yanke karan. Na Hippeastrum rami ne a ciki kamar bututu, yana ɗaukar fure 2 zuwa 4, sau da yawa ja ko ruwan lemo, kuma yakan riga ganye fitowa. Na Crinum a cike yake, furen yana da dogon wuya. Wadda ake kira albasar kwaɗi, fara mai jan layi a tsakiyar kowane ganyen fure, Crinum ce, farkon damina take buɗewa. Fara mai siraran ganyen fure kamar ƙafafun gizo, da wani ɗan kofi a tsakiya, Hymenocallis ce. 'Yar ƙarama mai ganye kamar ciyawa, fure ɗaya tal a kan kara, tana fitowa kwana kaɗan bayan ruwan sama, Zephyranthes ke nan.

Wadda ta fi buƙatar a gane ta da wuri ita ce Gloriosa, gatarin kurege. Bakin ganyenta yana nannaɗewa ya kama abin da ke kusa, furen ja da rawaya ya lanƙwasa baya. Saiwarta guba ce mai kisa, kada a bar ta inda yara ko awaki ke kaiwa. Sauran ma ba a cin albasarsu, kada a ajiye su kusa da albasar girki.

Sanin sunan ne ke gaya maka yadda za ka shuka. Hippeastrum ana barin kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje. Wanda ya binne ta duka, markar Agusta tana iya ruɓar masa da ita. Ka haɗa ƙasa kashi 2, yashi 1, ruɓaɓɓen taki 1, tukunya kuma ta kasance da huji a gindi. Crinum ta fi jure jiƙa, amma ba ta son a riƙa cire ta, takan yi shekara ba fure bayan dashe. In ka ga baƙar tsutsa mai ɗigon rawaya tana huda ganye, ka tsince ta nan take kafin ta gangara cikin albasar.

Mai neman taimakon manhajar gane tsirrai irin PlantNet ya ɗauki hoto uku: furen ta gefe, gindin ganye, da albasar. Hoton fuskar fure kaɗai shi ke sa manhaja ta yi ta canki-canka. In abin ya faskara, ka danne fure da ganye a tsakanin jaridu su bushe, ka kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Bayero.