Ranar da ƙanina ya ɗaga wa Inna taɓarya

Shekara shida ke nan ƙanina yana fama da ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, mu dai a unguwa taɓin hankali ake cewa, wasu ma su ce aljanu ne. A duk shekarun nan sau ɗaya tak ya taɓa ɗaga wa wani hannu, kuma wallahi abin bai zo mana kwatsam ba, mu ne ba mu lura ba.

Da farko ya bar shan magani, wai yana kashe mishi jiki. Sai barci ya ƙaurace mishi, tsakar dare ka ji shi yana zagaye tsakar gida yana musu da wanda ba mu gani, sai kuma ya ƙi cin tuwon Inna ya ce an zuba mishi sammu, da idona na ga ya juye langa guda a kwata. Ashe abokai na ba shi wiwi da taramol a bayan layi. Ranar da Inna ta tare ƙofa ta ce ba inda za shi, sai ya rarumi taɓarya, jikinshi na ɓari, ni dai tsoro na gani a idonshi kamar wanda aka zo kashewa. "Ɗan nan, ni ce hwa, Innarka," ta ce. Allah Ya taimaka ya yar.

Da muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware na fahimci abubuwan da muka gani su ne ake dubawa don gane ko mai ciwon zai iya yi wa wani illa, barin magani, shaye-shaye, zargin ana farautarka, muryoyi masu ba da umarni, da kuma ko mutum ya taɓa yin duka a baya. Shaye-shayen nan ya fi komai, wani babban bincike na ƙasar Siwidin a 2009 ya nuna yawancin haɗarin yana wajen masu haɗa ciwon da ƙwaya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ke da ciwon, kuma akasarinsu ba su taɓa kowa, su ake jifa a titi ma.

Kawu ya ce a sa mishi mari a ɗaure. Na ce Kawu ka yi haƙuri, wanda ke ganin ana son halaka shi in ka ɗaure shi ai ka gaskata mishi zarginshi ne.

Yanzu allurar wata-wata ake mishi, ni nake goya shi a mashin, in kuwa ya yi dare biyu bai runtsa ba ba ma jiran na uku.