TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Kwana biyar a filin jirgin Jidda

Assalamu alaikum jama'a, wancan makon na tsaya inda jirginmu ya tashi daga Kano. To wallahi ban taka ko ƙofar waje ba aka tsare ni.

Watan Satumba ne na 2012, masu sauraron rediyo za su tuna, shekarar da aka riƙe matan Najeriya maniyyata aikin Hajji wajen dubu a Saudiyya saboda maganar muharrami. Dokarsu a lokacin mace in ba ta kai 45 ba sai da muharrami, ni kuwa ina 34, kuma Yaya Babba da aka rubuta min an saka shi a jirgin baya. Jami'in filin jirgin Jidda ya karɓi fasfo ɗina ya juya ya juya ya ce mahram? na ce yana tafe, ya nuna min gefe da biro, shikenan fa. Wata baiwar Allah 'yar Sakkwato mijinta na tsaye a gabansu amma wai sunan da ke fasfonta bai zo ɗaya da nasa ba, to dama sunan uba ake sawa ai, tana kuka yana kuka aka raba su.

Inna Allah ya jiƙanta takan ce baƙo ko da ido makaho ne, ina yarinya na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. A kan tayil muke kwana da atamfar alhazai a jikinmu, ga sanyin AC kamar ya tsaga ƙashi, hijabina ne bargo jakar hannu ce filo, dambun naman da Gwaggo ta ɗaure min a leda shi muka dinga tsakura mu shida, yau da gobe har ledar muka lashe.

Amma duk wannan bai ci min rai ba kamar maganar facalata. Wai an gane ni ne takari zan zama, 'yar Kano-Jidda, shi ya sa aka koro ni. Ni da na yi shekara huɗu ina zubin adashi da kuɗin ɗinki! Ko bara a bikin Ummi da ta zo tana wani Hajiya Hajiya tana taɓa min mayafi, gaisuwa kawai na amsa, Baban Ummi ya ce ki bar wa Allah, na ce na bari amma ban manta ba.

Gwamnati dai ta dakatar da jigila na ɗan lokaci, aka tura su Aminu Tambuwal su tattauna da Saudiyya, lokacin yana kakakin majalisar wakilai, mu kuma an riga an dawo da mu Kano ba Hajiya ba tsaraba. Yanzu da na ji mace na iya tafiya ba muharrami sai da na zauna na yi shiru. Makaho ne kam, Inna.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗa muku yadda na shiga gida da daddare don kar maƙwabta su gan ni, da abin da Yaya Babba ya ce a waya.