Saƙon godiya bayan dawowa daga duwatsun Filato

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ayarin matasan Sakkwato da ya tafi hawan duwatsun Filato ya dawo gida lafiya, ba karaya, ba wanda ya kwana asibiti. A madadin masu shirya tafiyar, ga godiyarmu ga waɗanda suka yi mana ɗawainiya.

Da farko iyayenmu, da suka ba da izini suka raka mu da addu'a. Sai Baba direba, wanda ya ƙi tafiyar dare tun daga Sakkwato, Gusau, Funtuwa, Zariya har Jos. A gangara kuma ƙaramar giya yake sawa, ba ya danne birki, domin birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Baba, Allah ya ƙara girma.

Babbar godiya ta 'yan jagora ce, mutanen Kerang da Ampang a ƙaramar hukumar Mangu. Tsaunukan yankinsu tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, tafkin Pidong ma a bakin ɗaya daga cikinsu ruwan ya taru. Basakkwace ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da rairayi. Can kuwa tsakuwa ce ja da baƙa, mara nauyi, mai huji-huji kamar soso, kana takawa tana mirginawa. Shi ya sa saukowa ta fi hawa haɗari. 'Yan jagorar su suka nuna yadda ake yi: a sauko a kaikaice, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannun da ke wajen tudu. A bar tazara tsakanin mutum da mutum, in dutse ya suɓuce a ɗaga murya don na ƙasa ya kauce. A fara hawa da sassafe, a juyo kafin la'asar ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Wallahi wannan ilimi ya fi kuɗin da aka ba su nesa ba kusa ba.

Yayarmu ma'aikaciyar jinya, sannu da ƙoƙari. Ita ta dage kowa ya ɗauki ruwa lita 3, da dabino da ƙuli-ƙuli, da ƙullin gishiri da sukari. Dalilinta, a cikin sanyi ƙishirwa ba ta damun mutum, sai ya manta da sha har ciwon kai da ɗaurewar jijiya su kama shi. Sanyin kuma ba irin hunturun gida ba ne. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere da ke kusa da ita ta kai mita 1,829, kuma duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kamar digiri 6. Rigar da ta jiƙe da gumi, in iskar sama ta buge ta, ita ke kawo rawar ɗari, don haka busasshiyar riga da suwaita su kasance cikin jaka. Sabon takalmi kuwa bororo yake yi, gara tsoho mai ƙasa mai kauri da safa biyu. Silifas ko kusa.

Mai unguwar garin da muka sauka, ranka ya daɗe, mun gode da tarba. Duk mai niyyar zuwa ya fara da gaisuwa a ƙofarsa, domin akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa, akwai kuma gonaki a gindin tsaunin, inda ƙasar aman wuta ke ba da dankalin Turawa da masara. Ba a ratsa gonar mutum, ba a barin leda ko gora a sama. Iyayenmu mata na garin da suka dafa gwaten acca mai zafi suka jira ayari har ya sauko, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a.

Waɗanda suka ara mana tanti, tocila da bargo, an wanke an ninke, za a kai wa kowa nasa har gida kafin Juma'a in sha Allahu.